Fuskar da Aka Gyara wa Kwalba

Idan ka shiga shagon hoton da ke maƙale tsakanin kantin magani da teburin mai gyaran agogo, kafin ka gama gyara zama za ka ji an ce maka, "Saki fuska." Hoton katin aiki ka zo ɗauka ko na asibiti, duk ɗaya ne. In ka ƙi saki, mai shagon ba zai danna kyamara ba, sai ya riƙe ƙugu ya zuba maka ido har kunya ta sa ka yi murmushin dole. Da haka sunansa na gaskiya ya bi ruwa. Kowa a layin Saki-Fuska yake kiransa, har matarsa idan ya ɓata mata rai. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa haka ba, wato yayarsa, wadda har ya fara furfura Auta take ce masa.

Gajere ne mai tumbi, tabarau kullum a goshi, kullum kuma yana nemansu. Shagon ba wani girma gare shi ba. Akwai labule shuɗi na hotunan kati, da wani labulen mai zanen ƙaton gida da matakala da furanni, na masu son a ce sun je wani wuri. Akwai madubi, da mataji ɗaure da zare don kada a yi gaba da shi, da kwat ɗin aro guda ɗaya wanda bai taɓa yi wa kowa daidai ba. A lungu kuma kwamfuta, kuma a nan matsalar take.

Saki-Fuska ba ya barin mutum ya fita da fuskar da ya shigo da ita. Ƙuraje ya share, tabo ya goge, furfura ya mayar baƙa, haƙorin da ya fita ya dawo da shi. Mai ƙaton hanci ya rage masa kaɗan, ba tare da ya nemi izininsa ba. In an yi magana sai ya ce, "Ni ba canza mutum nake yi ba, fito da shi nake yi. Wahala ce ta rufe shi." An taɓa dawo wa wani tsohon direba da hotonsa daga ofishin lasisi, aka ce ya kawo nasa, ba na ɗansa ba. Direban ya zo yana ta bambami kamar zai rushe shagon, amma da ya huce sai ya ce a wanke masa babba na ratayewa a ɗaki. Abin da ya lalata Saki-Fuska ke nan. Duk wanda ya zo yi masa faɗa, da hotonsa a firam yake komawa gida.

Yana da wata ɗabi'ar kuma, ba ya goge hoton asali. Duk fuskar da ya gyara, ta farkon tana nan ajiye a kwamfuta kusa da gyararriyar. In kasuwa ta yi sanyi sai ya zauna yana buɗe su, ga yadda aka zo, ga yadda aka tafi, yana gyaɗa kai shi kaɗai yana yaba hannunsa.

Kyamararsa ta farko Yaya ce ta saya masa. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ita ta goya shi, ita ta yi masa komai. Da ya ƙi karatu ya liƙe wa wani mai hoto, ta zane shi ta gaji, da ta ga dukan ba ya shiga sai ta sayar da keken ɗinkinta ta kawo masa kyamara nannaɗe a ƙyalle. Ita kuma ta koma sharar asibiti, a can ta tsufa. Ba ta taɓa goranta masa ba ko sau ɗaya, shi kuwa da ta goranta da ya fi samun sauƙi.

Ɗa ɗaya Yaya ta haifa, bayan ta fid da rai, ubansa kuma bai daɗe ba ya rasu. Yaron nan tun yana rarrafe ba a ce masa bari. In ya fasa kan ɗan maƙwabta, Yaya ta ce ɗan maƙwabtan ne ya kawo kansa. In an koro shi daga makaranta, malaman ne ba sa son marayu. Saki-Fuska ya jawo shi shago don ya koyi sana'a, fitilar ɗaukar hoto ta yi ƙafa. Ya kai shi gareji, mai garejin ya dawo da shi da hannunsa, ya ce don Allah a bar gaisuwarsu ta ɗore. Kafin a ankara yaro ya shiga 'yan daban bayan tasha, masu tare mutane su karɓe waya. Wata rana a wurin faɗa aka farke masa fuska da fasasshiyar kwalba, tun daga gefen baki har kunnen hagu, rabin kunnen ma ya tafi. Daga ranar sunansa Kwalba, kuma shi ya fi kowa son sunan.

Kwalba ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Masu irin harkarsu ba sa so, in ka ɗaga waya kusa da su, wayar ta zama tasu. Amma Yaya ta matsa, ta ce ɗakin kowace uwa akwai hoton ɗanta a bango ban da nata. Ta jawo shi shago da rana tsaka, idanunsa jajur, yana warin abin da ya sha.

"Saki fuska," in ji mai shago.

"Kawu, haka take."

"To ɗaga kai. Sa kwat ɗin nan."

"Kawu, ka danna kawai, ana jirana."

Ya danna. Abin da ya fito a kwamfuta sai da ya sa ya sauko da tabarau daga goshi. Ido ɗaya a kumbure, haƙoran gaba sun yi giɓi, tabon kuwa kamar ɗinkin bakin buhu. Ya waiwaya ya dubi Yaya, tana zaune a benci ta haɗa hannu a cinya tana murmushi. Ya ce ta ba shi lokaci.

A kan hoton nan ya zuba duk abin da ya koya a rayuwarsa. Ya goge tabon sannu a hankali har fatar ta kwanta. Ya cike giɓin, ya wanke idanun suka yi fari tas, ya ɗaga gefen baki kaɗan ya zama murmushi. Kunnen ne ya ba shi wahala, daga ƙarshe ya kwafi na dama ya juya shi ya liƙa a hagu, ya zauna daram. Da ya gama, saurayin da ke cikin firam ɗin irin wanda za ka ba shi 'yarka ne ba tare da bincike ba. A ƙasan hoton ya buga sunan shagonsa da ruwan zinare, kamar yadda yake yi wa duk aikin da ya burge shi.

Yaya ta rungume firam ɗin ta yi hawaye. "Haka yake, Auta," ta ce. "Ni haka nake ganinsa."

A bakin titin tasha akwai wani mai faci, saurayi da ba ya shiga sabgar kowa. Wata rana Kwalba ya turo babur ya ce a yi masa yanzu. Mai facin yana kan tayar wani, ya ce ya ɗan jira ya gama. Iyakar maganar ke nan. A kan "ɗan jira" Kwalba ya soka wa mai facin wuƙa har lahira da rana tsaka a gaban jama'a, kuma da 'yan sanda suka iso babu wanda ya ga komai. Kowa yana da iyali, kowa kuma ya san abokan Kwalba ba su je ko'ina ba. Sunan dai ya fita ta bayan fage. 'Yan sanda suka je gidan Yaya, ba su same shi ba, suka sauke hoton da ke bango suka tafi da shi, don duk duniya babu wani hoton nasa sai wannan.

Ba a jima ba hoton ya cika gari. Yana jikin kowane turken lantarki, yana tashoshin mota, yana filin jirgi, an tura shi kan iyaka. A sama an rubuta ANA NEMA da manyan baƙaƙe. A ƙasa kuma ga sunan shagon Saki-Fuska ɓaro-ɓaro, don babu wanda ya damu ya yanke shi. Ɗaya daga cikin takardun a turken ƙofar shagon aka manna ta, kullum da safe in ya zo buɗewa sai sun haɗa ido da kunnen da ya liƙa.

Wani sajan ya shigo da takardar a hannu. "Kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Aiki ya yi kyau. Dubi yaro tsaf da shi, wa zai ce zai iya kisa? Tunda na zo, ɗauke ni nima, na katina ya tsufa."

Tambayar ke nan gaba ɗaya. Saki-Fuska ya buɗe baki zai yi magana, keken ɗinkin Yaya ya faɗo masa a rai, ya mayar da bakin ya rufe. Ya ce wa sajan ya saki fuska, ya ɗauke shi, ya rage masa kumatu.

Mutanen layin sun san Kwalba, sun kuma san hoton, saboda haka suka sami abin yi. Mai agogo ba ya ɗaga ido daga aikinsa yake cewa, "Saki-Fuska, ka tanadar mini rana. In na yi laifi wurinka zan fara zuwa." Mai kantin magani ya ce gwamnati ta yi kuskure, da likitocin fata ta kora ta ɗauke shi. Matarsa ma ba ta bar shi ba, ta ce ai dama ta faɗa masa tun ranar da ya gyara hotonta har mahaifiyarta ta tambaya wace ce wannan. Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne sababbin masu zuwa shagon. Samari masu jajayen idanu suka fara shigowa bibbiyu, su zauna a kujera su ce, "Baba, irin na Kwalba muke so." Ya kore su da sandar labule, washegari wasu suka zo. Shekara da shekaru yana neman sunan shagonsa ya zaga gari, ga shi ya zaga.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi yana yanka hotunan kati, wata baƙuwar lamba ta kira shi, kiran da ake ganin juna. Yana ɗauka sai ga tabon ya cika masa waya. A bayan Kwalba dogayen gine-gine ne da motoci masu lambar wata ƙasa.

"Kawu! Hannunka akwai albarka."

Saki-Fuska ya tura ƙofar shago da ƙafa. "Kana ina, ɗan banza?"

"Na tsallake, Kawu. Ka san a kan iyaka a ƙarƙashin hoton na tsaya na sha shayi? Jami'in ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce in matsa ina tare masa aiki." Ya fashe da dariya, giɓin ya fito fili. "Wani ɗan makaranta mai kwat suka tsare a bayana, suna ta juya masa kunne."

"Mutumin da ka kashe fa?"

"Tsautsayi ne, Kawu. Shi ma bakinsa ne ya ja masa."

"Cewa ya yi ka ɗan jira."

"To ka ji. Kawu, katina zai ƙare. Na san halinka na ajiye-ajiye, na asalin yana nan, ko? Ka goge shi yau. Ka gaishe da tsohuwa, ka ce sanyi ne kawai matsalar nan, a aiko mini da rigar sanyi."

Kwalba ya kashe wayar. Saki-Fuska ya tsaya da almakashi a hannu yana huci. Rigar sanyi. An binne ɗan mutane, uwar Kwalba kuma ta daina cin abinci, kawunsa ya zama abin dariyar layi, shi damuwarsa rigar sanyi. Da wayar ba tasa ba ce da ya buga ta da bango.

Da la'asar sai ga Yaya. Ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Ta zauna a bencin nan da ta zauna ranar hoton, ba ta karɓi ruwan da ya miƙa mata ba.

"Ya kira ka?"

"Ya kira, Yaya."

"Ka ji abin da ya ce."

"Yaya, rai fa ya ɗauka."

"Kana wurin?" Ta ɗago ido. "Sharri ake yi masa tun yana yaro, kai ma ka sani. Ni ban taɓa roƙonka komai ba, Auta. Ka tuna, ko na taɓa?"

"Ba ki taɓa ba."

"To yau na roƙe ka."

Ya ce to. Da ta tafi ya zauna gaban kwamfuta ya buɗe hotunan biyu, ga yadda aka zo, ga yadda aka tafi. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ji haushin tambayar ƙwarai, don bai tabbata ba. Ya rufe komai ya tafi gida. Haka ya riƙa yi kullum. Bai goge ba, bai kai wa kowa ba, yana tsakiya yana faɗa da duk wanda ya shigo shago. Har "saki fuska" ɗin tasa ta koma tsawa, yara suna kuka a hoto.

Wata safiya wata dattijuwa ta shigo, siririya, takalmanta sun sha tafiya. Ta gaishe shi a natse, ta kwance bakin ƙyalle ta fito da wani ɗan ƙaramin hoton kati da ya sha hannu har gefensa ya lanƙwashe.

"Malam, so nake a mayar mini da wannan babba. Ɗana ne, ya rasu. Shi kaɗai gare ni, hotonsa kuma wannan ne kawai."

"Allah ya jiƙansa, Inna. Zauna, yanzu za a yi."

Ya saka hoton a na'ura ya fito a kwamfuta. Saurayi ne mai faɗin goshi, da tabon ƙuna a saman girar dama, idonsa ɗaya ya ɗan karkace, wuyan rigarsa da baƙin mai. Hannun Saki-Fuska bai jira shawararsa ba, ya kama aikin da ya saba. Kafin dattijuwar ta gama ba shi labarin motar da ta hau, ya goge ƙunar, ya daidaita idon, ya wanke wuyan rigar. Ya juya mata kwamfutar yana jiran abin da ya saba ji.

Ta matso ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Malam, wannan ɗan wani ne."

"Shi ne, Inna. Fito da shi na yi."

"A'a. Nawa yana da ƙuna a nan." Ta taɓa saman girarta. "Yana rarrafe na bar dutsen guga a ƙasa na fita ɗauko shanya. Ni na yi masa ita. Kullum in ya dawo daga aiki nan nake fara kallo. Idon kuma na ubansa ne. Baƙin man ma ka bar masa, faci yake yi, da shi yake ciyar da ni. Ka mayar mini da abina yadda yake."

Saki-Fuska ya ɗago kai. "Faci, Inna? A ina?"

"Bakin titin tasha. Wanda aka kashe." Ta nuna ƙofa da haɓa. "A jikin takardar can na ga sunan shagonka, wata yarinya ta karanta mini. Na ce wanda ya iya hoto haka, shi zai yi mini na ɗana."

Saki-Fuska ya juya ga kwamfutar. Ya riƙa komar da aikin baya ɗaya bayan ɗaya, ƙunar ta dawo, idon ya koma inda yake, baƙin mai ya hau wuyan riga. Ya wanke babba ya saka a firam mafi kyau da yake da shi. Tun da ya buɗe shago, wannan ne hoton farko da ya fita ba a taɓa shi ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa gilashin daidai wurin ƙunar, ta ce, "Yauwa, ga shi nan."

Ya raka ta ƙofa. Ta tsaya a gaban turken tana kallon takardar, saurayi mai kwat yana yi mata murmushi.

"An ce wannan ne," ta ce. "Kullum sai na tsaya na kalle shi, ina so in ji haushinsa, na kasa. Dubi fuskarsa, Malam, kamar zai gaishe ka. Har na fara tunanin ko sharri aka yi wa ɗan mutane, ina yi masa addu'a tare da nawa." Ta gyara riƙon firam ɗin. "An kashe mini ɗa, ko fuskar da zan tsana ba a bar mini ba."

Ta tafi a hankali ta bi bakin titi. Saki-Fuska ya koma ciki, ya ji haushin kansa irin wanda bai taɓa ji ba. Tsohuwar nan tana can tana yi wa kunnen da ya liƙa addu'a. Ya buɗe hoton Kwalba na asali, bai taɓa ko ɗigo ba, ya wanke shi babba. Bai buga sunan shago a ƙasa ba.

Bai wuce caji ofis kai tsaye ba, ya ga bai kamata Yaya ta ji a bakin wani ba. Ya same ta a tsakar gida tana wanki. A bangon ɗakinta ƙusar tana nan, da alamar inda firam ɗin ya zauna. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya fito da hoton daga ambulan ya ajiye a kan tabarma.

Ta goge hannu a zaninta ta ɗauka. Ta kalle shi, ta ɗora babban yatsa a kan tabon ta riƙa murzawa a hankali, kamar zai fita.

"Ka ce mini to, Auta."

"Na ce, Yaya. Ban iya ba."

"Ina za ka kai shi?"

"Kin sani."

"Ni na goya ka."

"Ke kika goya ni. Uwar yaron ta zo shagona yau, Yaya. Ita ma shi kaɗai gare ta."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ma ta yi. Ta miƙa masa hoton, ta mayar da hannunta cikin ruwan wanki. Ya yi mata sallama ba ta amsa ba.

A caji ofis sajan ɗin nan mai kumatu ya juya hoton sama da ƙasa, ya tambaya wane ne wannan. Da aka yi masa bayani sai ya hau faɗa, ya ce an ɓata musu lokaci, ya zaunar da Saki-Fuska a benci wuni guda, aka rubuta, aka sake rubutawa. Da zai sallame shi ya ja shi gefe ya ce, shi nasa hoton dai a bar shi yadda aka gyara.

Aka sauya takardun. Sabon hoton ya tsallaka iyaka kamar yadda mai shi ya tsallaka, kuma ba a sha wahala ba, don mutum mai rabin kunne da tabo har baki ba shi da inda zai ɓuya. A wani ɗakin haya aka kama shi, sanye da sabuwar rigar sanyi. Aka dawo da shi, aka yi shari'a, aka yanke masa ɗauri mai tsawo. Samari masu jajayen idanu suka daina zuwa shagon, wata rana ma aka wayi gari an fasa gilashin ƙofar. Mai agogo ya daina tsokana, ya taya shi share ɓaraguzan.

Saki-Fuska yana nan a shagonsa har yanzu, tabarau a goshi yana nemansu. Bai daina gyara ba, don yawancin mutane gyaran suke so, sai dai yanzu yana tambaya, "A gyara ko a bari?" Ya ci gaba da zuwa gidan Yaya, ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe ta, ta amsa da ka, ko ta ƙi amsawa. Abin da ya kai mata, washegari a dawo masa da shi ba a buɗe ba. Tun ranar wankin nan bai sake jin an ce masa Auta ba, kuma wannan ya fi gilashin da aka fasa yi masa ciwo.

Rannan da hantsi yana goge madubi, ya hango ta a cikinsa tsaye a bakin ƙofa. Ta ƙara ramewa. Ya juya da sauri har tsumman ya faɗi.

"Yaya, sannu da zuwa. Shigo, ga benci."

Ba ta zauna a benci ba, ta wuce ta zauna a kujerar gaban labule shuɗi.

"Sun ce sai da hoto za su ba ni katin ziyarar gidan yari," ta ce, tana kallon bango. "Ƙanana suke so."

Ya ɗauko kyamara. Ya gyara fitila, ya sake gyarawa, ya leƙa. A ciki ya ga kumatun da suka faɗa, da layukan da suka zagaye bakinta, da idanun da suka yi zuru-zuru. Ya san yadda zai yi da kowane ɗaya, aikin ɗan lokaci ne. Bakinsa kuma ya riga shi, kamar kullum.

"Saki fuska, Yaya."

Sai a lokacin ta dube shi.

"Ɗauke ta yadda take," ta ce. "Ai yanzu ka iya."

Ya danna. Ya wanke, ya yanka, ya zuba mata a ƙaramin ambulan. Ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi ba tare da ta duba ba, ta fita ta nufi tasha.